Malama Ofelia da Ɗalibar da Ba Ta Kallon Husufi

Matata Ofelia a ɗakin wanki take koyar da ilimin taurari. Ba zolaya nake yi ba. Tsakanin injin wanki da kantar da muke jera gwangwanayen wake ta kafa teburinta, ga kwamfuta, ga wata fitila marar murfi wadda a ajinta ita ce rana. Shi kuwa wata, farar ƙwallo ce da ta soke a bakin fensir. Ni Celso, mijinta, tsohon mai walda da ya ajiye aiki, an sha sa ni in tsaya a gaban kyamara a matsayin duniya, wai tumbina ya dace da aikin.

A wani ƙauyen kan duwatsu aka haife ta, arewa da Santa Fe, inda babu fitilun titi da za su hana yaro ganin sama. Ta daɗe tana tuƙa motar 'yan makaranta a nan Albuquerque. Sai da 'ya'yanmu suka kawo ƙarfi ta koma karatu, ta karɓi digirinta da furfura a kanta, tana zaune layi ɗaya da sa'o'in 'yarmu. Daga nan wata ƙaramar jami'a ta ɗauke ta ta riƙa koyar da darasin gwaji ta intanet, kuma a kan aikin take har yau.

Ɗalibanta ba masana kimiyya ba ne, ba su kuma da niyyar zama. Dokar jami'a ce ba a ba mutum digiri sai ya ci darasin kimiyya ɗaya mai aikin gwaji. To duk wanda ke tsoron warin sinadarai, da wanda ba zai iya fiɗe kwaɗo ba, sai ya gudo wurinta yana zaton kallon sama hutu ne. Akwai ma'aikatan jinya, da sojoji, da masu karatun shari'a, da iyaye mata masu goyo a cinya. Wani ya taɓa tambayarta a ranar farko yaushe za a zo wurin duba sa'ar mutum da tauraronsa. Ta ce masa bokaye suna can ƙasan titi, su kuma ba sa ba da maki.

Abin da ta tsana a duniya shi ne gwajin da ake gamawa a kan allon kwamfuta, ɗalibi ya danna nan ya danna can, ya ci darasin taurari bai taɓa leƙa taga ba. Ita kowane ɗalibi sai ta aika masa kwali ta gidan waya, da zare da ƙwallo da takarda mai kauri a ciki, ta kora shi waje ya auna inuwar sanda, ya zana wata da hannunsa. Ni ke liƙe kwalayen in kai. Kalmarta ɗaya ce, har ɗalibai suna kwaikwayonta da ita: gani ya kori ji.

Sai ga shekarar da husufin rana zai ratsa ta kanmu, ranar wata Asabar da safe a watan Oktoba, irin wanda wata ke shiga tsakiyar rana ya bar zobe na wuta a gefe. Tun bazara Ofelia ta hana ni sakat. Ta je taron malamai ta buga tebur, ta ce kallon husufin nan shi ne babban gwajin zangon, dole ne a kan kowa, babu musanya, wanda bai yi ba bai ci darasin ba. Aka biye mata aka rubuta haka. Muka zauna muka cusa baƙin tabarau na kwali a ambulan ɗaya bayan ɗaya, tana rera waƙa kamar mai shirin bikin 'yarta.

Ranar da abin ya faru ina ɗakin ina naɗe tawul, don haka da kunnena na ji. Ajin nata idan ka duba allon, yawanci baƙaƙen akwatuna ne, kowanne da suna a ƙasa, don ba kowa ke buɗe kyamara ba. Tana cikin bayanin yadda za a sa tabarau, sai wata murya ta fito daga ɗaya daga cikin akwatunan, a hankali.

"Malama, ni ba zan samu yin wannan ba."

Ofelia ta duba sunan. Lavina Etsitty, mace mai kimanin shekara arba'in, wadda ba ta taɓa makara da aiki ba, ba ta kuma cika magana ba.

"Aiki gare ki ranar?"

"A'a."

"Tafiya za ki yi?"

"A'a. Ina gida."

"To 'yata, kina gida, ranar Asabar, da safe, abu zai zo har saman rufinki kyauta, ki ce ba za ki samu ba? Wanda ya kasa ɗaga kansa na minti biyar, ni ban san me ya zo nema a ajina ba."

Akwai wani Wendell a ajin, direban motar ɗaukar marasa lafiya, bakinsa ba ya rufuwa. Ya ce, "Malama, a yi mata uzuri, ƙila ranar take wanke kai." Aka yi dariya. Ofelia ma ta yi. Kafin dariyar ta lafa akwatin Lavina ya ɓace daga allon.

Aji biyu suka wuce ba ta shigo ba. Sai saƙo ya zo daga ofishin ɗalibai cewa Lavina ta nemi a cire sunanta daga darasin, ana jiran Malama ta sa hannu. A nan Ofelia ta tuna abin da matar ta faɗa da kowa ke gabatar da kansa a farkon zango. Mataimakiyar malama ce a firamaren yankinsu, shekara da shekaru tana share allo tana ɗaure wa yara takalmi a ajin wasu. An yi mata alkawarin ajinta na kanta a watan Janairu, in har ta kawo digiri a Disamba. Wannan darasin shi kaɗai ya rage mata. Idan ta fita, digiri sai baɗi, ajin kuwa ba zai jira ta ba.

"Wace irin mace ce za ta zubar da wannan saboda minti biyar?" in ji Ofelia, tana faɗa ita kaɗai. Ta buɗe wurin da adireshin ɗalibai yake don ta nemo lambar waya. Ta ga akwatin gidan waya a Crownpoint, can yankin 'yan asalin ƙasar nan. Ta sake kallon sunan. Sai na ga ta lallaɓa ta zauna a kan kwandon wanki.

"Tsoho," ta ce, "'yar Diné ce."

Ni da na yi rabin rayuwata ina waldar bututun gas tare da mazan ƙabilar Diné, nan take na gane. Ba sa kallon husufi. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya ji wannan.

"Na sani, Celso. Tun ina yarinya na sani. Da hannuna na rubuta adireshin nan na aika mata tabarau." Ta riƙe kanta. "Suna kawai nake gani a baƙin akwati. Na manta akwai gida a bayansa."

Ban tausasa mata ba, don raina ya ɓaci, da ita da kaina da na tsaya riƙe da tawul ban ce uffan ba. Na ce magana zarar bunu ce, kin riga kin zare a gaban jama'a. Ta kira waya ba a ɗauka ba. Ta rubuta saƙo ba amsa. Ranar Lahadi da sassafe ta tashe ni, ta riga ta cika leda da gasasshen koren barkono na bana, ta ce in tayar da a-kori-kura.

Mun sha hanya kafin mu samu gidan, sai da muka yi tambaya a gidan mai. Da na kashe mota a nesa da ƙofa, Ofelia ta kama murfi za ta fita. Na riƙo rigarta.

"Ina za ki? Zauna. A al'adarsu baƙo a mota yake jira sai sun fito."

"Sun ga mota ai."

"Shi ya sa za ki zauna. Rashin haƙurinki ne ya kawo mu nan, kada ya kore mu."

Ta harare ni amma ta zauna. Karnuka suka gama haushinsu suka kwanta. Can sai wata tsohuwa mai dogon siket ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, Nellie ke nan, mahaifiyar Lavina. A bayanta Lavina ce, doguwa, da tabarau na karatu a saman kai. Ranar Ofelia ta fara ganin fuskarta.

Aka shigar da mu, aka zuba mana kofi, aka kawo romon naman tunkiya da soyayyen burodi. Matata ta yi ta juya cokali. Daga baya ta ajiye shi.

"Lavina, na zo ba ki haƙuri ne. Na wulaƙanta ki a gaban mutane a kan abin da ya kamata in sani. Ban da hujja."

Lavina ta kalli teburi. "Mu idan abin ya zo, ɗaki muke shiga mu rufe ƙofa," ta ce. "Ba ci, ba sha, ba barci, ba kallo, har rana ta gama sabuntuwa. Ko hotonsa ba na son gani. Wasu namu yanzu suna kallo, wannan ruwansu. Gidan nan ba ma yi."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"A gaban mutum talatin da ban san fuskarsu ba, Malama? Bayan an riga an yi dariya?"

Ofelia ta haɗiye wannan, don gaskiya ce. Ta tambaye ta ko da gaske za ta bar ajin da aka yi mata alkawari.

"An rubuta dole ne. Ni kuma ba zan fita waje in bar uwata a ɗaki ita kaɗai tana addu'a, ina tsakar gida da tabarau ba. Ajin zai samu wata malamar."

Ba kuka ta yi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ni dai na kasa ci gaba da cin burodin.

Na san fuskar matata idan kanta ya fara aiki, leɓenta na ƙasa take cizawa. Ta ce, "To wata fa? Watan da ke fitowa kullum, da safe in kin fito da tumaki, shi ana kallonsa?"

Lavina ta juya ta yi wa tsohuwar magana da harshensu. Tsohuwar ta amsa gajere, Lavina ta ɗan murmusa.

"Shima, wato uwata, ta ce, da ba a kallonsa da me muke sanin kwanan wata? Ta ce ko sai malamar jami'a ta ba mu izini?"

Muka fita tsakar gida. Ofelia ta miƙe hannu sosai ta dunƙule shi, ta nuna musu yadda ake auna sama da dunƙule, ana ɗora ɗaya a kan ɗaya, ta gwada daga tankin ruwa zuwa ƙarshen tsauni. Ta ce nan da 'yan kwanaki wata zai riƙa kasancewa a sama da safe bayan rana ta fito. Lavina ta tsaya inda kusurwar ɗaki ta kare mata rana, kada ta kalle ta ko kaɗan, ta ƙirga dunƙule nawa ne daga nan zuwa wata. Kullum tazarar za ta ragu, dunƙule ɗaya da ɗan ƙari, haka littafi ya ce. Daga awonta za ta lissafa ranar da tazarar za ta ƙare, wato ranar haɗuwar, ba tare da ta ga haɗuwar ba.

"Amma ki tambayi mahaifiyarki tukuna," in ji Ofelia. "Na gaji da yanke hukunci a kan gidajen da ban taɓa shiga ba."

Tsohuwar ta kama hannun Ofelia ta juya shi, ta tabbatar dunƙule ne ba nuni da yatsa ba, don su ba sa nuna wata da yatsa. Sannan ta miƙa nata siririn hannun sama ta gwada, ta faɗi wani abu.

"Ta ce ba laifi. Ta ce kuma barkonon da kika kawo ya yi kaɗan."

Saura shugaban sashe, Dakta Halvorsen. Ni na kai ta ofishinsa, na zauna a kujerar baƙi kamar wanda ya rako mai laifi. Mutum ne mai kirki amma ba ya son a canza doka a tsakiyar zango.

"Ofelia, wa ya buga tebur ya ce babu musanya?"

"Ni ce."

"Wa ya ce ko mutum na gadon asibiti a tura gadon bakin taga?"

"Ni ce, Dakta. Na faɗa, kuma shirme na faɗa. Ka gama?"

Ya yi dariya, amma bai sakar mata ba. Ya ce damuwarsa ɗaya ce. Ranar husufi tana kowace jarida. Kowa zai iya zama a kujera ya ƙirƙiro lambobi daga amsa ya koma baya, alhali sauran ɗalibai sun fita sun yi aiki. Ya ce a bar takardar ficewar a ajiye, Lavina ta yi awonta da hoton kowace safiya, shi kuma zai shigo ajin ranar Litinin bayan husufi ya ji daga bakinta. In ya gamsu ta ci. In bai gamsu ba, doka tana nan yadda Ofelia ta rubuta ta.

Hotuna suka fara zuwa. Lavina ba ta da sabis a gida, sai ta tuƙa zuwa bakin wani shagon wanki a gari ta turo, kuma ashe daga nan cikin mota take shiga aji duk zangon, shi ya sa ba ta buɗe kyamara. Tsohuwar ce mai ɗaukar hoto. Rabin hotunan babban yatsanta ya rufe gefe guda, wani ma tunkiya ce ta fito sosai, wata yana can ƙurya kamar ɓawon farce. Ofelia tana buɗe kowanne kafin ta sha kofi. Wata safiya hadari ya rufe musu, ranar ba a yi mini magana mai daɗi a gidan nan ba.

Ranar Alhamis da rana waya ta yi ƙara. Ofelia ta kunna lasifikar wayar don hannunta na cikin kwaɓin tortiya, gurasarmu ta fulawa.

"Malama, na ɓata aikin." Muryar Lavina ce. "Kin ce dunƙule ɗaya da ɗan ƙari kullum. In na bi na littafi daga inda na fara, haɗuwar ranar Juma'a take faɗawa. Ni kuma hannuna ɗan ƙarin nan ba ya cika. Watan yana jan ƙafa. Nawa awon Asabar yake nunawa. Dakta zai ce na murɗe lambobi ne don su faɗa ranar da kowa ya sani."

Ofelia ta tsaya cak da kwaɓi a hannu. "Kin sake aunawa?"

"Sau uku kowace safiya. Shima ma ta auna da nata hannun. Ta ce watan ne malalaci, ba ni ba."

"Kada ki taɓa lamba ko ɗaya. Lavina, tuna gwajin da muka yi da zare da ƙwallo. Abin da ke kewaya wani, yaushe yake rage gudu?"

Ana jin motoci na wucewa ta bakin shagon wankin.

"In ya yi nisa."

"To abu in ya yi nisa, yaya yake a ido?"

"Ƙarami." Sai ta ce a hankali, kamar mai magana da kanta, "To ba zai iya rufe ta duka ba ke nan. Gefe zai rage."

Matata ta rufe bakinta da hannu mai fulawa. Sannan ta ce, "Shi ke nan, 'yata. Shi ne duk darasin."

"To ya isa haka, Malama. Ba sai an ƙara bayyana mini kamanninsa ba."

"Ba zan ƙara ba."

Ranar Asabar muka fita fili da ɗaliban da ke cikin gari, su Wendell da 'ya'yansu. Haske ya dusashe, sanyi ya sauko, zoben ya fito daidai yadda aka ce. Mutane suka yi ta ihu. Ofelia ta kalla, hawaye na bin ƙarƙashin tabarau ɗin kwali, don ta daɗe tana jiran wannan safiya. Amma tun zoben bai buɗe ba na ga ta sauke kai ta juya tana kallon yamma, wajen da Crownpoint take. Ban tambaye ta ba, na san ƙofar da take tunani.

Ranar Litinin ta tsara ajin kashi biyu. Aka fara da masu hotuna, kowa ya nuna nasa ya yi surutunsa. Da aka gama ta sa aka sauke duk hotunan daga allo, sannan ta aika wa Lavina saƙo ta shigo. Dakta Halvorsen yana nan a akwatinsa da kofinsa. Ni ina bakin ƙofa, na ƙi ko yin kamar ina naɗe tawul.

Akwatin Lavina ya buɗe, da kyamara wannan karon. Tana zaune a mota, ga sitiyari, ga tsohuwar a kujerar gefe ta naɗe hannu tana kallon waje kamar abin bai dame ta ba. Lavina ta nuna hotunan dunƙulenta ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi abin da ta samu kowace safiya, har da ranar hadari da ta bar wurin babu komai. Ta ce watan ya yi tafiyar hawainiya saboda yana nesa, na nesa kuwa ƙarami ne a ido, shi ya sa bai isa ya rufe rana ba.

Dakta ya ajiye kofinsa. "Malama Etsitty, tambaya ɗaya gare ni. Kin san ranar tun farko. Me zai hana in ce daga amsa kika faro kika koma baya?"

Na ga hannun Ofelia ya damƙe bakin tebur.

"Da ƙirƙira na yi, Dakta, da abin da littafi ya ce zan rubuta, don kada a kama ni," in ji Lavina. "Hannuna ya saɓa wa littafi. Na ji tsoro, amma na bar shi yadda ya zo."

Sai Wendell, wanda bai iya shiru ba ko a jana'iza, ya buɗe baki.

"Kai jama'a! Ni na tsaya a rana har wuyana ya ƙage, na ɗauki hoto ya fi ɗari, ban san dalilin zoben ba sai yanzu. Wadda ba ta gani ba ita ke faɗa mana abin da muka gani!" Ya ɗan yi tari. "'Yar'uwa, maganar wanke kai ɗin nan, bakina ne ya fi hankalina sauri. Ki yafe."

"Na ji," in ji Lavina.

Dakta Halvorsen ya ce, "Ofelia, ki yaga takardar ficewar nan. Ta ci." Sannan ya ƙara da cewa ta rubuto masa gwajin dalla-dalla, yana so ya gwada da nasa hannun. Lavina ta juya ta faɗa wa tsohuwar. Tsohuwar ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta nuna sitiyari da leɓe, wato a tafi, tumaki na jira.

Tun daga zangon nan Ofelia ba ta fara aji sai ta tambayi kowa daga ina yake kallon sama, da kuma ko akwai abin da gidansu ba ya yi. Gani ya kori ji ɗin ma ta rage faɗinsa, ko da yake in ta manta yana kuɓuce mata.

A Disamba muka je bikin yaye ɗalibai. Ban taɓa ganin Ofelia ta sa takalmi mai tsini don ɗalibi ba sai ranar. Da aka kira sunan Lavina Etsitty, matata ta miƙe ta ƙwala irin ihun da take yi wa yara a motar makaranta, har na gabanmu suka waiwayo. Ban ja rigarta ba. Ni ma a tsaye nake, ina tafi da hannuwan nan da walda ta ƙona, ina jin kamar in bi layi ina faɗa wa kowa cewa waccan mai ihun matata ce.

A wajen ajiye motoci tsohuwar ta same mu, cikin rigar karammiski da sarƙar azurfa. Ta zaro wani abu daga jakarta ta danƙa wa Ofelia. Ambulan ɗin tabarau ne, da rubutun Ofelia a bayansa, ba a ko buɗe shi ba.

"Shima ta ce ga kayanki, sabo ne, ki ba wani," in ji Lavina. "Ni kuma ranar Litinin ta biyu a Janairu zan fara, aji uku, yara ashirin da biyu. In kina da sauran zare da ƙwallo, ina so."

Ofelia ta rungume ambulan ɗin a ƙirji. Ni na amsa wa Lavina, na ce kwali nawa, ni ke liƙewa.